Fitila Uku da Fuskar Baƙin Mutum: Nazari kan Al'adar Haska Fim

Idan mai kallo ya tashi daga gaban fim ya ce ya yi kyau, yawanci labari yake nufi, ko jarumi, ko waƙa. Da wuya ka ji wanda ya yabi fitila. Amma duk abin da ya gani, fitila ce ta fara zaɓa masa: wace fuska za ta fito, wace za ta nutse, wane ɗaki zai kwantar da hankali, wane zai sa gaba ya faɗi. Kalmar majigi ma, wadda kakanninmu suka laƙaba wa sinimar da ake yawo da ita a mota zamanin Turawa, daga sunan wata tsohuwar fitilar nuna hoto aka aro ta. Haska fim sana'a ce mai dokoki, yaro na gadonsu daga ubangida. Sai dai dokokin riga ce da aka ɗinka da awon wani, kuma wanda aka auna ba kalar fatarmu gare shi ba.

Daga rana zuwa fitila

Fim ya fara ne da roƙon arzikin rana. Ɗakin ɗaukar fim da kamfanin Thomas Edison ya gina a jihar New Jersey ta Amurka a 1893, wanda ake kira Black Maria, rufinsa buɗewa yake yi, kuma ginin kacokan juya shi ake yi don ya bi rana duk inda ta nufa. A Faransa, Georges Méliès ya gina nasa da gilashi a 1897. A wancan lokacin ba a neman komai daga haske illa ya isa har hoto ya kama.

Wajen 1915 tunani ya fara sauyawa. Darakta Cecil B. DeMille da mai ɗaukar hotonsa Alvin Wyckoff suka riƙa haska rabin fuska su bar rabi cikin duhu, kamar yadda aka gani a fim ɗin The Cheat. DeMille ya ba da labari daga baya cewa mai tallar finafinansu ya koka, wai masu gidajen sinima ba za su biya cikakken kuɗi kan rabin fuska ba. Shi kuma ya ce ai salon Rembrandt ne, shahararren mai zanen nan na Holan, sai aka koma ƙara farashi. Labarin ya nuna takaddamar da har yau ba ta mutu ba: mai kuɗi yana so a ga duk abin da ya biya, mai fasaha kuma ya san inuwa ma magana take yi.

Da magana ta shigo fim a 1927, manyan fitilun gawayi na da, masu ƙuna da ke kumbura idon 'yan wasa, suka zama matsala, domin ƙugin da suke yi yana shiga makirfo. Aka koma ga ƙwan lantarki mai jan haske, aka sauya irin fim ɗin da ake ɗorawa a kyamara, kamfanin Max Factor kuma ya haɗa sabuwar hodar kwalliya da za ta dace da su. Fitila, fim da kwalliya, duk tare aka saita su, kuma fuskar da aka sa a gaba wajen gwaji ita ce ta farar jaruma.

Murhu mai duwatsu uku

Daga nan Hollywood ta kafa tsarin da ake koya wa kowane ɗalibi har gobe, wato fitila uku. Ta farko ita ce uwa, ana ajiye ta gefe guda, sama da kai kaɗan, ita ke fitar da siffar fuska. Ta biyu 'yar rakiya ce, tana ɗaya gefen, aikinta ta rage kaifin inuwar da uwar ta jefa. Ta uku tana bayan ɗan wasa, tana zana siririn haske a gashi da kafaɗa don ta raba shi da bango. Sirrin yana tsakanin ta farko da ta biyu. In ƙarfinsu ya kusa zama ɗaya, inuwa ta gudu, hoto ya washe, irin wanda ya dace da barkwanci da waƙa. In aka rage wa 'yar rakiya ƙarfi, inuwa ta yi nauyi, labari ya ɗauki kamannin tashin hankali.

An ƙawata tsarin ne don tauraruwa. A Shanghai Express na 1932, darakta Josef von Sternberg da mai ɗaukar hoto Lee Garmes sun sauko wa Marlene Dietrich da haske daga can sama ta gaba, ƙashin kumatunta ya fito, 'yar ƙaramar inuwa ta kwanta ƙarƙashin hancinta. Fitilar baya kuwa tana sa gashi mai ruwan zinariya ya yi walƙiya kamar an ɗora masa kambi. Masanin fim Richard Dyer, a littafinsa White na 1997, ya nuna yadda wannan al'ada ta haɗa farar fata da haske, da tsarki, da kyau, har masu sana'ar suka ɗauka haka halitta take.

Masu son duhu da masu son gaskiya

Ba kowa ya bi wannan layin ba. Jamusawa bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya sun mai da inuwa jaruma. A The Cabinet of Dr. Caligari na 1920, da fenti aka zana inuwa a bango da ƙasa. A Nosferatu na 1922, inuwar dodon ce ke hawa bene, yatsunta zaƙo-zaƙo, kuma ta fi dodon kansa ban tsoro. Da yawa daga cikin waɗannan ma'aikata sun yi ƙaura zuwa Amurka, salonsu ya bi su, ya shiga finafinan 'yan daba da masu bincike na shekarun 1940, inda hasken da ya ratso labulen taga ke yanka fuska layi-layi kamar sandunan kurkuku. Wannan jinin ne ya kai ga The Godfather na 1972, inda Gordon Willis ya haska Marlon Brando daga bisa kai, idanunsa suka faɗa rami. Ba ka ganin idon mutumin, saboda haka ba ka san abin da ke ransa ba, kuma nan ne ikonsa yake.

Akwai kuma masu cewa duk haske sai ya zo da dalili, a san daga wace taga ko wace fitila ya fito. Ɗaya daga cikin magabatansu Ba'indiye ne, Subrata Mitra. Sa'ad da Satyajit Ray ke shirya Aparajito na 1956, tsoron damina ya sa aka gina tsakar wani gida na birnin Banaras a cikin ɗakin ɗaukar fim. Mitra ya shimfiɗa farin ƙyalle a sama, ya harba masa fitilu, hasken ya dawo ƙasa a tausashe kamar na sararin sama. Stanley Kubrick ya ɗauki wasu sassan Barry Lyndon na 1975 da kyandir, da taimakon gilashin kyamara na Zeiss da aka ƙera don hukumar NASA. Néstor Almendros ya ɗauki sassa da dama na Days of Heaven na 1978 a ɗan taƙin da ke tsakanin faɗuwar rana da shigar duhu.

Duk waɗannan mazhabobi ka'idoji kaɗan ke ɗauke da su. Ƙaramar fitila haskenta kaifi gare shi, faffaɗar kafa kuma, kamar taga ko farin zane, laushi take bayarwa. In ka ninka nisan fitila sau biyu, kashi ɗaya cikin huɗu na ƙarfinta ne zai iso. Haske kuma launi gare shi: ƙwan lantarki na sinima yana wajen 3200 a ma'aunin Kelvin, ja-ja, na rana kuma wajen 5600, mai shuɗi-shuɗi. Wanda ya gauraya su da ka, sai ya ga rabin fuska ruwan lemo, rabi ruwan bula.

Inda awon ya gaza

Tun daga shekarun 1950 kamfanin Kodak ya riƙa aika wa masu wanke hoto wani kati mai hoton farar mace, wanda aka sani da katin Shirley, don su saita launi da shi. Binciken Lorna Roth ta ƙasar Kanada ya nuna cewa cikin waɗanda suka matsa wa kamfanin ya gyara yadda fim ɗinsa ke kama launin ƙasa-ƙasa har da masu sayar da cakulan da kayan katako, waɗanda hajarsu ba ta fita da kyau a talla. Sai a tsakiyar shekarun 1990 aka fitar da kati mai mata masu launin fata daban-daban.

Maganin da aka daɗe ana yi wa baƙin ɗan wasa shi ne a ƙara masa wuta. Sakamakon kuwa gumi ne, da goshi mai ƙyalli, da fata da ta koma ruwan toka. Kuskuren a fahimta yake. Farar fata watsa haske take yi, don haka da inuwa ake fitar da siffarta. Baƙar fata kuwa tana da ɗabi'ar madubi, da abin da take maidowa ake ganin siffarta. Dubi baƙin tulu da aka goge: in ka dalle shi da tocila, ɗigo ɗaya mai kashe ido za ka gani, amma in ka ajiye shi bakin ƙofa da hantsi, hasken ƙofar zai kwanta a jikinsa ya nuna duk zagayensa. Abin da fuskar baƙin mutum ke so ke nan, kafa mai faɗi, mai laushi, a kusa.

Ana yawan ambaton Haskell Wexler cikin na farkon da suka lura da haka a Hollywood, domin ya sassauta wa baƙin jarumi Sidney Poitier haske a In the Heat of the Night na 1967. A Moonlight na 2016, James Laxton ya bar fatar 'yan wasa da sheƙin mai maimakon a kashe ta da hoda, launukan daren Miami suka kwanta a kanta. Bradford Young, wanda ya ɗauki Mother of George na ɗan Najeriya Andrew Dosunmu, ya yi suna da rage haske har fata ta yi zurfi kamar rini. Mami Wata na C.J. Obasi, fim mai baƙi da fari, ya samo wa Lílis Soares kyautar ɗaukar hoto a bikin Sundance na 2023, kuma ƙarfinsa yana ga yadda farin zanen kwalliya ke tashi daga baƙar fuska cikin dare.

Namu gidan

Finafinan Hausa na bidiyo, da ake ƙirga farkonsu daga Turmin Danya na 1990, sun taso da gado biyu. Ɗaya na wasan kwaikwayon talabijin ne, inda ake cika ɗaki da haske bai ɗaya don kowa ya fito. Ɗayan na waƙoƙin Indiya ne masu ƙyalƙyali. Ga kyamarar kaset da ba ta gani a duhu, ga janareta da ake lissafin mansa, ga furodusa da ke son a gama cikin 'yan kwanaki. Wanda ke cikin wannan hali ba za a zarge shi don ya kafa fitila ɗaya ya dalle falo ba.

Amma larura ta daɗe har ta zama ɗabi'a. Ana tsayar da jarumi cikin farar shadda, a jikin farin bango, kyamara ta bi farin ta rufe ido, fuska ta dushe, sannan a ƙara wuta da hoda, a sake ɗaga haske wajen tacewa. Ɗakin amarya, ofishin 'yan sanda da zaman makoki duk su fito da haske iri ɗaya. Illar ba ta tsaya ga fasaha ba. In kyamara ta saba fitar da mai hasken fata da kyau ta bar baƙa a dushe, masu zaɓen 'yan wasa za su bi abin da ya fi sauƙi, 'yan mata masu kallo kuma su karanta saƙon da ba wanda ya rubuta.

Zuwan kyamarorin dijital, da fitilun LED marasa zafi da cin wuta, da finafinai masu dogon zango na Arewa24 da YouTube, ya kawo gyara a fili. Ya kuma kawo sabon ciwo, wato a watsa shuɗi da shunayya a bango ba gaira ba dalili, don kawai fitilar na iya yi. Masu gudun duhu ma suna da hujja, domin yawancin masu kallonmu a waya suke kallo, da data ƙalilan, kuma hoto mai duhu shi ke fara farfashewa. Ko shirin Game of Thrones ya sha ƙorafi a 2019 kan wani yaƙin dare da mutane suka ce ba su ga komai ba. Sai dai inuwa daban, rashin gani daban. Ana iya barin rabin ɗaki cikin duhu muddin akwai ɗan ƙyalli a ƙwayar ido da layin haske a kumatu.

Abin da Mitra ya wahala ya ƙirƙira da ƙyalle, mu a banza muke da shi. Hazon hunturu yana tace rana fiye da kowane labule. Jan bangon ƙasa yana maido haske mai ɗumi da ke ƙauna da baƙar fata. Zaure kuwa, da ƙofarsa ɗaya da duhun cikinsa, shi ne ainihin hasken da ake jingina wa Rembrandt. Souleymane Cissé na Mali ya ɗauko irin wannan rana da ƙasa a Yeelen, wanda ma'anarsa haske a Bambaranci, ya ci kyautar alƙalai a bikin Cannes a 1987. Mai fitilar da ya zauna a zauren unguwarsu da la'asar, ya lura da yadda hasken ƙofa ke sauka a fuskar dattijon da ke jan carbi, ya samu darasin da katin Shirley bai taɓa ɗauke da shi ba. In ya koma lokeshan gobe, kafin ya tambayi fitila nawa aka kawo, sai ya fara duba wadda ya kamata a kashe.