Kowane Ma'aikaci da Randarsa

Ɗan ƙasar Daura ba sai an koya masa wahalar rijiya ɗaya ba. Da labarin Kusugu muka tashi: gari guda, rijiya guda, maciji ya kwanta a ciki, ba a ɗiba sai ranar Juma'a. To, saƙon muryar da mutum zai tura daga Dutsi zuwa ga ƙaninsa a Kano shi ma yana ratsa wata irin rijiya a cikin kwamfuta, kuma akwai masu sana'ar da ba su da aiki sai hana layi a bakinta.

Saƙon ba ya tafiya a dunƙule. Yayyanka shi ake yi ƙunshi-ƙunshi, kowane ƙunshi ya bar turken sadarwa, ya bi waya, ya faɗa cikin wata babbar kwamfuta. Da isowarsa sai an ba shi mazubi, wato ɗan fili a ma'adanar kwamfuta inda zai zauna a duba adireshinsa a tura shi gaba. A layin da ke ɗaukar gigabit 10, ƙananan ƙunshi kan kai miliyan 14.88 a daƙiƙa ɗaya. Rabon kowanne ke nan nanosakan 67, nanosakan kuwa kashi ɗaya ne cikin biliyan na daƙiƙa. Ko ƙiftawar ido ta yi masa tsawo.

Rago ba ya wahalar da kansa. Duk ƙunshin da ya zo sai ya kira malloc, umarnin da ke roƙon fili, a nemo, a auna, a yanka masa. Idan abu ya yi nauyi ya ce a sayo babbar na'ura. Gwani tun kafin ƙunshi na farko ya iso ya gama yanka dubban mazubai masu girma ɗaya ya jera su a zobe. A manhajar DPDK, wadda kamfanin Intel ya fito da ita a 2010, mazubin da aka saba yana cin baiti 2048, da ƙarin 128 da ake bari a gabansa ko za a liƙa wa ƙunshin sabon adireshi. Wannan tarin shi ne rijiyar.

Matsala na farawa ne daga firosesa. Ta zamani ma'aikata ne da yawa a gida ɗaya, ƙwayoyi takwas, sha shida, ko fiye, kowace na aikinta. Idan duka suka zura guga a lokaci ɗaya, dole wani ya jira. Ko an cire kwaɗon da ke sa su jira daga bakin zoben, lambar da ke nuna kan layi guda ɗaya ce, kowa sai ya taɓa ta, ita kuma ta yi ta yawo daga ƙwaya zuwa ƙwaya. Macijin ke nan.

Maganin duk matar gida ta san shi: randa. Jeff Bonwick na kamfanin Sun Microsystems, wanda ya bayyana dabarar yanka mazubai tun da wuri a 1994, shi da Jonathan Adams suka ƙara mata wannan a 2001, kowace ƙwaya da ɗan ajiyarta. A DPDK randar kan ɗauki har mazubi 512. Ƙwaya na buƙata, sai ta leƙa randarta ta ɗiba, babu kwaɗo, babu sallama. Idan ta ƙafe, ta je rijiya sau ɗaya ta ciko da yawa. Idan kuma mazuban da ake dawo da su suka tumbatsa, ta mayar da rarar gaba ɗaya. Ƙunshin ma ba a karɓarsa ɗaiɗai, yawanci 32 ake kwasowa a tashi guda. Wani ɗan abu da ke burge ni: mazubin da aka ajiye ƙarshe shi ake fara ɗauka, don har yanzu da ɗuminsa, yana nan a ƙaramar ma'adanar da ke jikin ƙwayar.

Amma randa marar kwaɗo amana ce, kuma nan ake gane wanda ya iya. Aiki a kwamfuta zare-zare yake tafiya, shi kuwa Linux ɗabi'arsa ce ya ɗauke zare daga wannan ƙwaya ya kai waccan. Sai gwani ya ɗaure kowane zare a ƙwayarsa kamar akuya a turke, zare ɗaya, randa ɗaya. Aka yi sakaci zare biyu suka haɗa randa, za a iya dakatar da na farko hannunsa na ciki, na biyu ya zo ya ɗauki mazubin nan dai. Ƙunshi biyu a kwano ɗaya. Irin wannan kuskure ba ya nuna kansa ranar gwaji. Sai an yi makonni ana aiki ya tashi da tsakar dare. Zaren da ya zo baƙo kuwa, ko a yi masa rajista a ba shi tasa randar, ko ya riƙa zuwa rijiya da ƙafarsa.

Har wurin ajiye randunan ma da ƙa'ida. Firosesa tana ɗaukar bayanai ne layi-layi, baiti 64 a yawancin na'urori. Idan lissafin randuna biyu ya faɗa layi ɗaya, ƙwayoyin za su yi ta fizgar layin a tsakaninsu alhali babu abin da ya haɗa su. Sai a bar fili da gangan, kowace ta fara a kan nata layin.

Saura lissafi, kuma mai karatu ya gwada da kansa. Ƙwayoyi 16, kowace da randa mai cin 512, sun kama mazubi 8,192. Wanda ya haƙa rijiyar 8,191 yana ganin ya wadata zai iya wayar gari ta ƙafe ƙaf, katin sadarwa na zubar da ƙunshin mutane, mazuban kuwa suna zaune a randuna babu mai amfani da su.