Daɗin Tsoro: Abin da Mai Karatu ke Nema a Maƙabartar Stephen King

Ba a taɓa jin wanda ya kai kuɗinsa kasuwa ya sayo ciwon kai ba, amma ga shi miliyoyin mutane suna sayen tsoro, su kai shi gida, su hana idonsu barci a kansa. Wannan ciniki ya daɗe yana ci a ƙasashen Turai da Amurka. Masana adabi kan ɗora farkonsa a kan The Castle of Otranto na Horace Walpole, wanda ya fito a Ingila a 1764. Daga nan aka samu Frankenstein na Mary Shelley a 1818, da Dracula na Bram Stoker a 1897, har zuwa The Exorcist na William Peter Blatty a 1971. Tambayar da ke bin waɗannan littattafai ita ce wadda masanin falsafa Noël Carroll ya tsaya a kanta cikin littafinsa na 1990: me ya sa mutum ke neman abin da, in da a zahiri ya gamu da shi, sai ya ranta a na kare?

Amsar da aka fi bayarwa ita ce, tsoron littafi tsoro ne mai linzami. Mai karatu yana zaune a ɗakinsa, ƙofa a rufe, in abin ya yi masa yawa sai ya kife littafin. Duk wanda ya taɓa ganin yara sun kewaye kaka da dare suna roƙon tatsuniyar Dodo, suna maƙalewa da juna kuma suna cewa a ci gaba, ya san akwai gaskiya a nan. Sai dai wannan amsa ba ta wadatar ba. Ana buga ɗaruruwan littattafai cike da fatalwa da jini, a karanta su yau a manta gobe. Ƙalilan ne ke bin mutum har tsufansa. Domin mu gane abin da ya raba su, bari mu ɗauki ɗaya mu dube shi da kyau: Pet Sematary na Stephen King, wanda aka buga a 1983, masu karatun Faransanci kuma suka san shi da sunan Simetierre. Kuskuren rubutun da ke cikin sunan da gangan ne, a harsunan biyu, don yara ne suka rubuta allon maƙabartar da suke binne dabbobinsu.

Labarin ba shi da sarƙaƙiya. Likita Louis Creed ya taso daga Chicago da matarsa Rachel, da ƴarsu Ellie, da ƙaramin ɗansu Gage, da muzurunsu mai suna Church, suka tare a garin Ludlow na jihar Maine. A gaban gidan akwai titi da manyan motocin dakon kaya ke keta shi dare da rana. A bayan gidan akwai maƙabartar dabbobin nan, a bayanta kuma, can cikin daji, akwai wani tsohon fili wanda duk abin da aka binne a cikinsa yakan dawo. Da mota ta kaɗe muzurun, maƙwabcinsu, dattijo Jud Crandall, ya kai likitan can don ya tausaya wa yarinyar. Muzuru ya dawo, amma yana warin ƙasa, halinsa ya sauya, ba mai son taɓa shi. Bayan ƴan watanni mota ta kaɗe Gage. Daga wannan shafi ba wanda ke buƙatar a gaya masa abin da uban zai yi.

An san inda labarin ya samo asali, don marubucin ya sha faɗa. A ƙarshen shekarun 1970 ya zauna a gidan haya a Orrington, bakin irin wannan titi, lokacin da yake koyarwa a Jami'ar Maine. Titin ya ci magen ƴarsa, wata rana kuma ƙaramin ɗansa ya ruga wajen kwalta, da ƙyar aka tare shi. Da King ya gama rubutun sai ya jefa shi cikin aljihun tebur, yana ganin ya wuce gona da iri. Saɓanin kwangila da kamfanin Doubleday ne ya sa ya fito da shi. Ke nan littafin ya tsiro ne daga tambayar da kowane mahaifi ya taɓa yi wa kansa sa'ad da haɗari ya kuskure ɗansa: da fa ban kai hannu ba?

Abin da ya kamata a fara lura da shi shi ne, King ba ya ɓoye wa mai karatu komai. Tun ranar farko da likitan ya kama aiki, wani ɗalibi mai suna Victor Pascow ya mutu a hannunsa yana yi masa kashedi. Jud ya ba shi labarin Timmy Baterman, sojan da ya mutu a Yaƙin Duniya na Biyu, wanda ubansa ya binne a filin, ya dawo yana tona asirin mutanen gari. Hatta mutuwar Gage, marubucin ya sanar da ita tun yaron yana wasa da ubansa cikin farin ciki. Mai rubuta labarin ɗan sanda yakan riƙe mu da jahilci, mu yi ta tambayar wa ya yi kisan. Shi kuwa wannan da sani yake riƙe mu. Mun san ramin, mun ga mutumin ya nufe shi, ba mu da bakin da za mu kira shi. Tun a 1826 aka buga wata maƙala ta Ann Radcliffe inda ta raba fargaba da razana: ta farko tana farkar da hankali kafin abu ya auku, ta biyu tana daskarar da shi bayan an gani. Kashi mafi yawa na wannan littafi fargaba ce, kuma a nan ƙarfinsa yake.

Amma akwai abin da ya fi wannan zurfi, kuma shi ne, a ganina, sirrin da ke jan masu karatu zuwa ga mafi kyawun irin waɗannan littattafai. Yayin da Louis ya ɗauki shebur ya haura katangar maƙabartar gari cikin dare don ya tono ɗansa, mai karatu ba ya tsaye a gefe yana tsine masa. Yana tare da shi. Yana tsoron kada a kama shi, yana riƙe numfashi in mota ta gifta. Ya san aikin ɓarna ne, amma wani lungu na zuciyarsa yana so a gwada. A wurin zaman makoki, kalmar da muke miƙa wa wanda aka yi wa rashi ita ce haƙuri, shi kuma ya karɓa, don ba shi da wata. Littafin King ya ɗauki mutumin da aka ba wata hanya ban da haƙuri, ya bi shi har ƙarshenta. Ƙarshen kuwa shi ne abin da ya dawo cikin jikin yaron ya kashe Jud, ya kashe uwar, uban ya kashe shi da allura da hannunsa, sa'an nan, don a nuna cewa wanda baƙin ciki ya haukata ba ya koyon darasi, ya saɓi gawar matarsa ya nufi dajin. Mai karatu ya rufe littafin ya ɗanɗani abin da ba zai iya furtawa a gaban mutane ba, kuma ya ga farashinsa ba tare da ya biya ba.

Shaidar cewa ba dodon ne jigon ba tana cikin littafin kansa. Da yawa daga waɗanda suka karanta shi, in aka tambaye su wurin da ya fi tsaya musu a rai, ba su ambaton gawa mai tafiya. Zelda suke ambata, yayar Rachel, wadda ciwon sanƙarau ya kwantar a ɗakin baya, iyayen suna ɓoye ta kamar abin kunya. An bar Rachel ita kaɗai da ita ranar da ta cika, tana ƴar shekara takwas, kuma abin da ke cin ta har girmanta shi ne ta ji sauƙi a ranta da yayar ta mutu. Babu iska ko fatalwa a wannan babi. Mai karatu a ƙasarmu, inda sanƙarau ba baƙo ba ne a lokacin zafi, ba ya buƙatar a fassara masa wannan ɗaki.

Littafin bai rasa aibu ba. King ya ɗora asalin sharrin a kan tsohuwar maƙabartar ƙabilar Micmac da wani dodon daji da ake kira Wendigo. Wannan tsohuwar al'ada ce a adabin Amurka: a ƙwace ƙasar mutane, sa'an nan a mai da kushewar kakanninsu mazaunin mugunta, alhali ko mutum ɗaya daga cikinsu ba a ba shi baki ya yi magana a labarin ba. Ban da haka, duk lokacin da marubucin ya nuna cewa filin ne ke jan mutane, shi ya sa direba ya yi gudu, shi ya sa Jud barci, sai ya rage nauyin da ke wuyan Louis. In ƙarfin waje ne ya tura shi, to ina laifinsa? Guy de Maupassant ya fi shi riƙon hannu a Le Horla na 1887, inda har ƙarshe ba mu san ko wata halitta ce ke shanye wa mutumin ruwa da dare ko hankalinsa ne ya taɓu ba. Wannan kokwanto shi ne Tzvetan Todorov ya ɗauka a 1970 a matsayin ruhin irin wannan adabi. King ya bar kokwanton da wuri, kuma a shafukan ƙarshe, inda wuƙar tiyata da jini suka karɓi fage, razana ta kori fargaba, littafin ya ɗan yi arha.

Akwai darasi a nan ga marubutanmu da ke sha'awar wannan fage. Mu ba mu da ƙarancin kayan aiki: iskoki, mayu, kurwa, kukar da ba a zama ƙarƙashinta da tsakar rana. Sai dai mai karatun da ya tashi yana jin labarinsu ba zai firgita don kawai an ambaci aljani ba. Jiki Magayi na John Tafida da Rupert East ya gane haka tun a shekarun 1930: abin da ke sa tsigar jiki tashi a cikinsa ba asirin da Abubakar ya samo ba ne kaɗai, zuciyar da ta yarda ta lalata yaron da bai san hawa ba bai san sauka ba don ramuwar gayya ita ce abin tsoron. Duk wanda zai rubuta labarin firgici, kafin ya nemo dodonsa, sai ya fara nemo buƙatar da mutumin kirki zai iya buɗe wa dodon ƙofa dominta. Idan ya same ta, mai karatu zai biyo shi cikin dajin da ƙafarsa, yana sane da abin da ke jiransa a can.