A Bar Mu Mu Ɗauki Watan Da Muka Gani

Duk daren sha huɗu sai hotunan wata su cika Facebook da WhatsApp, tas-tas, ramuka da duwatsu a fili, alhali abin yana nesa da mu da kusan kilomita 384,000. Suna da kyau, amma suna damuna, domin da yawansu manhajar waya ce ta ƙarasa aikin. A 2023 kamfanin Samsung da kansa ya yi bayanin cewa wayoyinsa suna amfani da ƙirƙirarriyar basira su gane wata su ƙara masa kaifi. Aikin yana yi wa na'ura sauƙi, tunda fuska ɗaya wata yake nuna mana kullum, kuma an riga an koya mata ita.

Ni dai ina ganin wanda ya fara da haka ya rasa daɗin abin. Sa'ad da na fara ɗaukar hoto, wata fari fat yake fito mini kamar ƙwan lantarki. Daga baya na gane duhun sama ne ke ruɗar kyamara har ta kwashi haske fiye da kima. Ashe hasken rana ne a jikin wata, don haka saitin rana yake so: ISO 100, f/11, kashi ɗaya cikin ɗari na daƙiƙa. A ɗora kyamarar a kan abin da ba ya motsi, ko da katanga ce, a sa mata lokaci ta ɗauka da kanta don kada hannu ya girgiza ta. Mai waya kuwa ya taɓa watan a allo ya rage haske sosai.

Daren sha huɗun da ake rububi ma shi ne mafi ƙarancin armashi, saboda rana na dukan wata gaba da gaba, babu inuwa. A daren bakwai ko takwas ga wata, a bakin iyakar haske da duhu, nan ramuka ke bayyana da zurfinsu. Hazon hunturu yana dusashe su, amma bayan ruwan damina ya ɗauke sararin sama yakan yi garau.

Mu da muke ɗaga kai neman jinjirin wata kafin azumi da salla, mun fi kowa cancantar sanin fuskarsa da idonmu. Matasa masu waya, ku kashe wannan gyaran na manhaja, ku fita tsakar gida daren takwas ga watan nan ku gwada da kanku.