Kunnen Bakanike

Tsohuwar Golf da ke jigilar mutanen Zakka zuwa kasuwar Dutsin-Ma, in ta fara karkarwa a silo tana mutuwa, sai wurin bakanike. Ba ya gaggawa, Allah ya yi masa albarka. Zai kasa kunne tukuna, sannan ya kwance fulogi ya duba bakinsa. In ya yi baƙi ƙirin, mai ya rinjayi iska. In fari ne fat, sau da yawa wani tiyo ne ya tsage yana zuƙar iska a ɓoye, sai ya bi shi da yatsa har ya gano wurin. Tun da aka cire tallafin mai a 2023, duk litar da ya ceto wa direba kuɗin cefane ce.