Dunduniyar direba ba ta tsufa ba

Ranar 2 ga Yuli, 2023, Shane van Gisbergen, ɗan ƙasar Niyu Zilan, ya shiga babbar gasar tseren motoci ta NASCAR a titunan birnin Shikago. Karonsa na farko ke nan, kuma shi ya cinye. Rabon da baƙo ya yi haka a tserensa na farko tun 1963. Sai dai abin da masu son mota suka yi ta maimaita kallo a waya shi ne hoton wata 'yar kyamara da aka dasa a ƙasan sitiyari tana kallon ƙafafunsa. Ƙafar dama tana danne da birki, gefenta yana leƙa totur yana dawowa, ta hagu kuma tana shiga kuloci tana fita. Yawancin abokan karawarsa da ƙafar hagu suke taka birki, ba ruwansu da kuloci in za su sauko da giya. Shi kuwa ya zo da tsohuwar dabarar da aka daɗe ana cewa zamaninta ya wuce, ya bar su a baya a kan titin da ruwan sama ya jiƙa.

Dabarar ita ce ta dunduniya da yatsu, kuma duk wanda ya taɓa tuƙa mota mai giyar hannu ya san matsalar da take magancewa, ko bai san sunanta ba. Kana tunkarar kwana a guje a lamba huɗu. Dole ka rage gudu, dole kuma ka sauko lamba uku don ka sami ƙarfin fita. Da ka ɗaga ƙafa daga totur ka taka kuloci, inji ya yi sanyi, juyinsa ya faɗi. Lamba uku kuwa so take inji ya fi sauri a daidai wannan gudun. A ce a lamba huɗu yana juyi 3,000 a minti, ukun na iya neman 4,000. In ka saki kuloci inji na ƙasa, tayoyi ne za su fizgo shi da ƙarfin tsiya har ya kamo su. Motar ta zabura, hancinta ya dunƙufa, faifan kuloci ya sha gugar da bai kamata ba. In kuma da tayoyin baya take ja, suna iya cijewa na ɗan lokaci, bayanta ya kwashe, ka tsinci kanka kana kallon inda ka fito.

Magani shi ne a ba inji wuta kaɗan kafin a saki kuloci. To, da wace ƙafar? Abin takawa uku ne, ƙafa biyu gare ka, ta hagu kuma ta riga ta tafi kuloci. Shi ya sa ta dama take raba kanta: tudun yatsu ya zauna a kan birki, dunduniya ko gefen ƙafa ya karkata ya taɓa totur sau ɗaya, hannu ya zura giya, a saki kuloci. Duka cikin abin da bai kai daƙiƙa ba.

Masu koyo suna ɗauka taɓa totur ne abin wahala. A ganina birkin ne. Yayin da idon sawu yake murɗawa zuwa totur, nauyin da ke kan birki bai kamata ya ƙaru ko ya ragu ba ko kaɗan. Sabon hannu yana kai ƙafa totur sai ya ƙara danna birki bai sani ba, motar ta yi ta sunkuyo tana ɗagowa. Kafin mutum ya raba waɗannan motsi biyu a ƙafa ɗaya, sai ya koyi jin birki irin jin da bai taɓa yi ba, sai kuma kunnensa ya san kukan inji a kowace lamba ba tare da ya duba agogo ba. Wannan ilmi yana bin sa zuwa kowace mota, har wadda ba ta da kuloci. Shi ne dalilina na farko na ƙin yarda a binne dabarar.

Akwai wani tsohon bidiyo na Ayrton Senna, ɗan Birazil, zakaran duniya na 1988 da 1990 da 1991, yana tuƙa Honda NSX a filin Suzuka na Japan. Takalmin fita unguwa ne a ƙafarsa, da farar safa. Wanda yake son ya gane abin da nake nufi da birki mai natsuwa, ya kalli saman ƙafar nan, kada dunduniyar ta ɗauke masa hankali.

Tun Senna yana raye aka fara ture dabarar daga fagen da ta fi daraja. A 1989 Ferrari ta fito da motar Formula 1 da John Barnard ya zana, wadda ake sauya mata giya da yatsun hannu a bayan sitiyari, Nigel Mansell kuma ya ci tseren farko da ita a Birazil. Zuwa 1995, ƙaramar ƙungiyar Forti ce kaɗai ta rage da sandar giya, daga ita kuma aka rufe babin. Motocin kan titi suka biyo baya: Ferrari F355 ta samu irin wannan giya a 1997. Sannan aka zo wa giyar hannun ta cikin gida. Nissan 370Z, wadda ta fito a ƙarshen 2008, tana da kuloci da sanda kamar kowace, amma kwamfutarta ce take ba inji wuta da zarar ta ji hannu ya nufi ƙaramar lamba. Yau Honda Civic Type R da Toyota GR Yaris da wasu da dama duk suna yin haka.

Ba zan yi musu a kan abin da yake a fili ba. Kwamfuta ta fi kowace ƙafa daidaito. Ba ta gajiya, ba ta firgita in kwana ta matso, ba ta ba da wuta fiye da kima. Mutumin da ya sayi motarsa don zuwa aiki da dawowa, ko wanda gwiwa ta fara damunsa, wannan na'ura alheri ce a gare shi, kuma tana tsawaita ran kuloci. Ba na cikin masu raina direba don ya kunna ta.

Abin da nake ƙi shi ne a ce tunda inji ya iya, to ɗan Adam ya daina koya. Tsere gwajin mutane ne. In aka cire duk inda direba zai iya kuskure, an cire inda gwani zai bambanta da na bayansa. A Ostireliya, gasar Supercars, inda van Gisbergen ya zama zakara sau uku, ta tsaya a wannan mararraba lokacin da take shirya sababbin motocinta na 2023. An yi niyyar komawa giyar bayan sitiyari da kwamfuta mai ba da wuta. Direbobi da 'yan kallo suka yi ca, aka bar sandar a wurinta, aka bar wa ƙafa aikinta. Na yaba wa wannan hukunci ƙwarai. A filin tseren dutsen Bathurst, inda ake gangarowa a guje ana sauko da giya ɗaya bayan ɗaya, kuskuren ƙafa ɗaya yana buɗe wa na baya ƙofar wucewa, ɗan kallo kuma yana jin kuskuren da kunnensa kafin ya gan shi.

Masu saye ma sun yi magana da aljihunsu. A 2013 Porsche ta fitar da 911 GT3 ba tare da giyar hannu ba, da hujjar cewa mai sarrafa kanta ta fi sauri, kuma gaskiya ta faɗa. Amma da ta ƙera 'yan tsirarun 911 R masu giyar hannu a 2016, rububin da aka yi ya isa darasi, a 2017 sandar ta dawo cikin GT3. Mutanen nan sun san motar da suka zaɓa ta fi jinkiri a agogo. Hannunsu da ƙafarsu suke so a cikin aikin.

Mu ma ba baƙi ba ne a wannan ilmi, ko da ba mu da filayen tsere. Tsofaffin direbobin manyan motoci, waɗanda suka yi jigilar goro da gyaɗa da shanu tsakanin arewa da kurmi, sun yi aiki da akwatunan giyar da ba sa yafe kuskure. In za su sauko a gangara, sai su taka kuloci su fitar da giya zuwa firi, su saki, su ba da wuta, su sake takawa, sannan su zura. In kunne bai daidaita ba, giyar ta yi ƙara ta ƙi shiga, ga lodi yana turo ka. Karen mota yakan shekara yana saurare kafin maigidansa ya ba shi sitiyari. Tushen ɗaya ne da abin da Senna yake yi: daidaita juyin inji da gudun taya. Yanzu da motocin Kwatano masu otomatik suka cika gari, yaro yana iya shekara goma yana tuƙi bai taɓa sanin me inji yake cewa ba, kuma wannan yana damuna.

Sabon salon da ya fi ba ni takaici shi ne na giyar kwaikwayo a motocin lantarki. Hyundai Ioniq 5 N tana kwaikwayon sauya giya da kukan inji ta lasifika, Toyota kuma ta nuna motar gwaji mai kuloci da sanda waɗanda ba su haɗe da komai sai waya. Na san injiniyoyi sun zuba basira a ciki, masu tuƙawa da yawa kuma sun ce akwai daɗi. Amma dunduniya tana zuwa totur ne saboda akwai ƙarafa biyu masu juyi da dole su haɗu. In babu su, fizgar da za ka ji in ka yi kuskure wani ne ya rubuta ta a manhaja, kuma yana iya goge ta gobe. Kamar koyon dambe da inuwa ne, jiki zai motsa, amma ba za ka san nauyin hannun abokin karawa ba.

Ga matashin da zai karanta wannan ya ɗauki makulli, don Allah ba a titin unguwa ba, ba kuma a ayarin biki ba, inda wasan mota ya riga ya jawo wa iyalai da yawa zaman makoki. A fara mota na tsaye, inji na kunne, giya a firi, birkin hannu a ɗage: a danne birki, a taɓa totur, a lura ko nauyin birkin ya motsa. Daga nan sai fili mara jama'a, da ƙaramin gudu, daga uku zuwa biyu. Takalmi mai siririn tafi ya fi, silifa kuwa haɗari ce, tana iya maƙalewa a tsakani.

Masu ƙera motoci kuma abu biyu nake nema a wurinsu. Su sa maɓallin kashe na'urar ba da wutar a inda hannu zai kai, kamar yadda yake kusa da sandar giya a GR Yaris, ba a binne shi can cikin allo ba, ko a ɗaure shi da kashe na'urar hana santsi, wadda mai koyo ya fi kowa buƙata. Sannan su dubi tazarar da ke tsakanin birki da totur. A motoci da yawa totur ya yi nisa ya yi ƙasa, ta yadda sai mai ƙatuwar ƙafa zai haɗa su, wasu kuma kwamfutarsu tana yanke wuta in ta ji an taka biyun tare. A matso da shi, a ɗago shi ya yi daidai da birkin da aka danne, a bar wa direba rabin daƙiƙar da yake buƙata.