Mai Zayyana da Masu Cewa Kwafi Yake Yi

A wata hira da aka yi a Dutsin-Ma, garin da yanzu ya tara masu ilmin zamani saboda Kwalejin Isa Kaita da Jami'ar Tarayya da aka kafa a 2011, wani saurayi mai zane da fenti, wanda ba na shakkar basirarsa, ya ce zayyanar allo ba ta cancanci a sa ta cikin fasaha ba, domin a ganinsa mai yin ta taƙlidi kurum yake yi, abin da ya gada shi yake maimaitawa, babu bincike balle ƙirƙira. Na yi shiru don kada hira ta koma gardama, amma maganar ta tsaya mini a rai.

Tarihin yadda aka daraja fasaharmu ta gida ba ya bukatar dogon bayani. Tun a 1958 ɗaliban zane na Zariya, irin su Uche Okeke da Demas Nwoko da Yusuf Grillo, suka kafa ƙungiya suna kiran a waiwayi fasahar gida. David Heathcote, wanda ya koyar a Jami'ar Ahmadu Bello, ya baje kayan fasahar Hausawa a Landan a 1976. Salah Hassan kuma ya wallafa littafi a 1992 a kan fasaha da karatun allo a ƙasar Hausa. Na nesa sun gani, mu da muka yi sauka da allon a hannu muka raina.

Na taɓa wuni a zauren wani alaramma a Kurfi yana yi wa ɗan maƙwabcinsa zayyanar sauka, kuma abin da na lura shi ne, kafin ya ɗiga launi ko ɗaya, sai da ya shafe fiye da sa'a yana kason fili. Ya ja layin gefe, ya naɗe zare biyu don ya sami tsakiya, ya raba kowane rabi biyu, ya sake raba abin da ya fita, har farar takardar da aka manna a kan allon ta zama gidaje ƙanana, sa'an nan ya ware wa Fatiha da farkon Baƙara gurbinsu, domin a wurinsa ado bara ne, rubutu shi ne maigida. Da ya fere alƙalamin gamba ya fara cika gidajen, ja a nan, rawaya a can, kore jefi-jefi, bai yarda launi ɗaya ya yi maƙwabtaka da ɗan'uwansa ba. Da lissafi ya ƙi fita a wata kusurwa, inda gidaje biyu ja suka so haɗuwa, sai ya tsaya, ya yi tsaki, ya tsaga gida ɗaya ta kusurwa ya mai da shi biyu. Na ce, “Allah gafarta Malam, haka aka koya maka?” Ya ce, “Wa zai koya maka wannan? Allon ne ya zo da faɗi.” To, mutumin da mas'ala ta taso masa wadda malaminsa bai ba shi hukuncinta ba, ya koma ga ƙa'ida ya fitar da mafita, in ba a kira aikinsa ijtihadi ba, da wane suna za a kira shi?

Ga binciken tawada kuma, wanda masu sayen fenti a kwalba ba su san wahalarsa ba: yawan ƙaro ya sa ta tsage in ta bushe, ƙarancinsa ya sa ta goge, ta bagaruwa da kashin maƙera kuwa sai ta kwana kafin baƙinta ya nuna, kuma hunturu da damina kowane da haɗinsa.

Wasu na cewa daga adon bangon magina aka ɗebo zayyana, wasu su ce daga dardumar Larabawa. Ban karɓi ko ɗaya ba. Hannun magini lanƙwasa yake so, kamar yadda dagi yake, alhali mai zayyana rabawa yake yi. Kuma wanda ya tashi yana jin izu sittin, kowane izu da nusufinsa da rubu'insa da sumuninsa, yana kuma zana alamominsu a gefen Alƙur'anin da ya rubuta da hannu, kamar yadda marigayi Sharif Bala Gabari na Kano ya shahara da yi, ba ya bukatar darduma ta koya masa raba abu biyu, huɗu, takwas. A nawa ra'ayin, kason Littafin ne ya sauko kan allon. Na ƙirga gidajen zayyanar alaramman nan na Kurfi bayan ya gama, layin sama takwas ne, na ƙasa ma takwas, ban da guda ɗayan nan da ya tsaga.