Bosch GBM 13-2 RE, gwanin huda ƙarfe

'Yan'uwana masu walda da masu haɗa ƙofofi da tagogi, ku ba ni wuri in yabi gwanina. Shuɗin injin nan mai waya, ɗan gidan Bosch na Jamus, inji ne mai cika hannu, mai daɗin riƙo, mai ƙarfin wat 750 da ba ya raguwa tun daga hujin farko har na ƙarshe, tunda babu batirin da zai ce ya gaji. Namiji ne!

Giyarsa biyu ce ta sace mini zuciya. Ƙarfe ba ya son gaggawa, shi kuwa ya san haka. Sa shi a giya ta ɗaya, ka buga ɗan gurbi da fanci don kada bit ya zame, ka fara da siririn bit na HSS, ka ɗiga mai, sannan ka ɗaura babba, har mai milimita 13 bakinsa na kamawa. Sai ka ga ɓawon ƙarfe na fitowa a murɗe, dogo, siriri, yana sheƙi, injin na gurnani a natse kamar yana huda kabewa. Kai, abin sai wanda ya gani! In ɓawon ya koma shuɗi ko hayaƙi ya tashi, gudu ya yi yawa, sassauta yatsa.

Sai dai ƙarfin nan ba ya wasa da kowa. Daidai lokacin da bit zai ɓulla ta baya yake cijewa, in ba ka ɗaure ƙarfen tam ba sai ya juya ya yanke ka, ko injin ya murɗe maka wuyan hannu. Don haka rage dannawa a nan, ka riƙe mariƙin gefe da hannu na biyu. Tabarau dole ne. Safar hannu da riga mai faɗin hannu kuwa a ajiye su, abin da ke juyawa fizga yake yi. Zare fulogi kafin canza bit, ka share ɓarɓashi da buroshi.

Ƙorafina? Wayar na son bin ƙafa, kuma ranar da wuta ta ɗauke sai an tayar da janareta. Duk da haka, wanda huda ƙarfe ne abincinsa, wannan injin ya cancanci kuɗinsa.